Abin da Sokawe Ya Ƙi Haɗiyewa

Duk wanda ya taɓa ɗan zama da Magini ya ji labarin sokawen gidansa. Wasu tsofaffin da 'ya'yansu suke alfahari, wasu da gonakinsu, shi kuwa da ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa a ciki. Shi ya haƙa shi, shi ya ɗaure shi da bulo, ya raba shi ɗaki biyu, ya zuba masa murfin kankare da hannunsa tun yana ji da ƙarfi. Baƙo zai zo gaisuwa, kafin ya gama shan ruwa an ja shi bayan gida ana nuna masa murfi.

"Taka ka ji," in ji Magini. "Tun da na rufe shi motar kwasa ba ta taɓa sanin hanyar gidan nan ba. Ka ba shi ruwa da abin da ya fito daga cikin ɗan Adam, shi zai ji da sauran. Amma ka jefa masa tsumma, to kai da shi."

Inna, matarsa, ta ji huɗubar nan har ta fita daga kanta. Takan ce masa da sokawen nan mutum ne, da tuni ya sa shi cikin magada.

Duk wannan kafin ciwon ne. Wata safiya Magini ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya ƙi zuwa. Aka yi asibiti da shi, aka dawo da shi da ɓarin jiki ɗaya a shanye. Magana ta dawo a hankali, tana jan ƙafa kamar mai ita. Hankali kuwa bai je ko'ina ba, kuma wannan shi ne abin tausayin. Ɗansu, akawu a wani ofis, ya saki gidan haya ya dawo da matarsa da jaririnsu don su zauna kusa. Matar koyarwa take a firamare, kowa Malama yake ce mata, har Inna. Jaririn kuwa Dunƙule ake kiransa, don tun da ya zo duniya hannunsa a dunƙule yake, sai ka ce da shirin faɗa ya zo.

Abin da akawu ya sani shi ne Baba ba ya iya tafiya sai an riƙe shi. Sauran Inna ce ta sani. Tun makon da suka dawo daga asibiti Magini ya daina iya riƙe fitsari, daga baya har babban ma. Ranar da abin ya fara faruwa bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ido ya rufe har ta gama goge shi ta canja zanin gado. Sannan ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, hannun da ya yi shekara da shekaru yana ɗaga bulo, ya matse.

"Yaron nan kada ya sani."

Yaron nan shi ne akawu, mai furfura a gemu.

"Maigida, ai lalura ce. Wa ya fi ƙarfinta?"

"Na ce kada ya sani. A wuyana na ɗauke shi a gidan nan. Ba zai gan ni haka ba." Ya tsaya ya tattaro numfashi. "Ki ce kin ji."

"Na ji," in ji Inna.

A baki maganar ba ta da nauyi, bayanta ne ya san nauyinta. Allah ya taimake ta ɗakinsu da banɗaki a ciki, shi ma aikin Magini ne. Ta yayyanka tsofaffin zannuwan gado ta yi masa ƙunzugu manya. Ta ɗaura igiya daga ƙusar madubi zuwa ƙarfen taga, nan take shanya su, ƙofa a rufe, don ba ta isa ta kai su igiyar tsakar gida ba. Ba sa bushewa da wuri, wani lokaci da danshinsu take ninkewa. Wankin kansa da sauƙi. Abin da ke kashe mata jiki kankarewar ce. Sai ta durƙusa a gaban masai da wani tsohon cokali da ta keɓe, ita da ke sallah a kan kujera saboda gwiwa, ta kankare, ta ɗauraye, ta sake kankarewa. In ta zo tashi sai ta dafa bango ta kira sunan Allah. Tafin hannunta ya tsattsage saboda sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ko gishiri ta taɓa sai ta ji har ƙwaƙwalwa.

Shi kuma in tana aikin rufe ido yake yi. Bai taɓa tambayar ina abin ke zuwa ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Malama takan leƙo ranar wanki. "Inna, kawo na Baba in haɗa."

Sai Inna ta miƙa mata riguna da huluna ta ƙofar da ta buɗe rabi. "Sauran ki bar shi, 'yar nan, ni na saba."

Ita ma Malama ba hutu gare ta ba. Ƙunzugun yadi take sa wa Dunƙule, don na roba na yarwa ƙuraje yake feso masa. Wata safiya Inna ta fito ɗaukar ruwan zafi ta tarar da ita a falo tana canja shi, ido jawur, ga littattafan 'yan makaranta a gefe ba ta gama dubawa ba. Ta ga ta yago wani farin falle daga naɗi, shara-shara kamar tishu, ta shimfiɗa a cikin ƙunzugun kafin ta ɗaure.

"Wannan kuma fa?"

"Falle ne, Inna. Shi ke tare kashin. In ya yi, sai in ɗage fallen kawai in jefa a masai in kora ruwa. Ƙunzugun kuma wanki kaɗan ya ishe shi. Ga shi a jikin ledar an rubuta ana iya korawa."

"Oh ni! Mu da muka raini namu da tsumma da hannu biyu ashe wahalar banza muka sha. Saura a ƙirƙiro muku wanda zai yi goyon."

Malama ta yi dariyar gajiya ta ce, "In an ƙirƙiro ni ce ta farko a layi."

Inna ta koma ɗaki da flas a hannu, amma hankalinta na kan naɗin nan. Ta tsufa ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ranar kuwa, da Malama ta goya yaro ta tafi makaranta, akawu ya tafi ofis, sai ga Inna a ɗakin surukarta tana sanɗa. Ta yago 'yan falle ta cusa a haɓar zani. Da rana ta jera uku gefe da gefe a cikin ƙunzugun Magini. Da lokacin canji ya yi ta ɗage su, ta jefa, ta danna, ruwa ya yi gurr ya tafi da komai. Ta tsaya tana kallon masan fes, cokali a hannu ba shi da aikin yi. Wallahi sai da ta ji hawaye ya zo mata don daɗi.

Daga nan satar ta zama ta kullum. Bayan ɗan lokaci ma sai ta ga naɗin ya bar ɗakin Malama ya dawo kan kanta a lungun da ke tsakanin ɗakuna, daidai ƙofarsu. In ya kusa ƙarewa sai sabo ya bayyana. Inna ta ce a ranta yaran yanzu akwai sakaci, ta kuma gode wa Allah da wannan sakacin.

Daɗin bai daɗe ba. Masan gidan ya fara gurnani, in an kora ruwa sai ya taso ya tsaya yana kallon mutum kafin ya sauka a hankali. Akawu ya kira mai gyaran famfo. Mutumin ya buɗe ɗan akwatin bututu a bayan kicin, ya zura waya, ya murɗa, ya jawo wani dunƙule fari-fari mai kama da jiƙaƙƙen bandeji.

"Akwai jariri a gidan nan," in ji shi, ba tambaya yake ba.

"An rubuta ana iya korawa," in ji Malama.

"Korawa kam yana koruwa, Hajiya, ai kin gani. Narkewa ce ba ya yi. Tishu in ya sha ruwa dagargajewa yake. Wannan kuwa an yi shi ne don kada ya yage a jikin yaro, to don me zai yage a rami? Inda babban bututun gari ke janyewa ma kuka suke da shi, balle ku masu sokawe. Ki samu bokiti mai murfi."

Akawu ya ce da matarsa ta daina, ta ce ta daina. Sannan ya rage murya ya ce da su duka, "Kada wanda ya gaya wa Baba. Kun san shi da ramin nan, yanzu jininsa ya hau." Gida dai ya zama kowa na rufa wa kowa asiri, ba wanda ya san an rufa masa.

Inna na tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai, kuma washegari ta gwada bin gaskiya. Ta ƙulle fallen a leda biyu, ta rufe da gefen mayafi, ta nufi kwandon shara da ke bakin ƙofar gida. Sai dai gidan hanya ɗaya gare shi, ta falo, akawu kuwa na zaune a falon yana ɗaure igiyar takalmi.

"Inna, me kika ɗauko? Kawo in yar miki, ai fita zan yi."

Har ya miƙo hannu. Ɗa mai biyayya ma wani lokaci jarrabawa ne.

"Ba komai, mantuwa na yi," in ji ta. Ta juya da sauri har gwiwa ta yi ƙara.

Ta gwada jira sai sun fita, amma ciki ba ya bin lokacin ofis, kuma leda ba ta yini a rufaffen ɗaki ba ta yi magana ba. Ranakun hutu kuwa falon ba ya rabuwa da mutum. Ta gwada komawa ga cokali, kwana kaɗan bayanta ya riƙe har ta kasa sunkuyawa ta sa wa Magini takalmi. Daga nan ta haƙura. Ta koma korawa, sai dai ta ce za ta riƙa yayyagawa ƙanana. Abin ya ƙi yaguwa sai da almakashi, wanda da ta tsaya ta yi tunani ya isa ya gaya mata gaskiya. Ba ta tsaya ba. Ta gaji da tunani kamar yadda ta gaji da komai. Takan bi shi da bokitin ruwa ta ce a ranta, ramin da ake ta yi mana gorin ba ya cika, ai ba zai gagara haɗiye ɗan wannan ba.

Wata Asabar da hantsi ramin ya ba ta amsa. Baƙin ruwa ya taso ta magudanar banɗakin su Malama, ya malala har lungu. A bayan gida ƙasa ta jiƙe a kewayen murfin, wari ya tashi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya mutu. Akawu, da wando naɗe zuwa gwiwa, ya yi ta waya har ya samo motar kwasa.

Magini na kwance ya ji rurin inji.

"Motar me ce wannan?"

"Ta maƙwabta ce," in ji Inna.

"Ta maƙwabta a bayan tagata?" Sai ga ƙarar ƙarfe a kan kankare, ƙwal, ƙwal. Ya yunƙura da gwiwar hannu ɗaya. "Wa ke taɓa min murfi? Fitar da ni."

Ta yi magiya, ta ce wari, ta ce rana, ta ce likita ya hana. Ina! Dole ta canja shi cikin hanzari, ta ɗaure shi tamau, ta zura masa riga mai tsabta, ta kira akawu suka kama shi zuwa bayan gida. Aka ajiye shi a kujera a inuwar katanga, ta rufa masa zani a cinya ta tsaya a bayansa. Addu'arta ɗaya ce, kada cikinsa ya motsa a gaban mutane.

Ma'aikata biyu suka sa ƙarfe suka ture murfin. Kowa ya toshe hanci ya ja baya, ban da Magini da ya miƙa wuya. Saman ramin a rufe yake ruf, falle kan falle sun haɗu sun yi tabarma mai kauri, toka-toka. Babban ma'aikacin ya zura doguwar ƙugiya ya ɗago, abin ya biyo shi yana ɗiga kamar an jiƙa labule. Ya sake zurawa ya ciro wani curi daga bakin bututun da ya haɗa ɗakunan ramin biyu, nan take ruwa ya fara wucewa da ƙara.

"Ga ɓarawonku," in ji shi. "Ramin lafiyarsa ƙalau, Baba. Wanda ya gina shi ya iya aiki."

Magini ya gyaɗa kai, rabin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Amma jaririn nan naku a gaishe shi," mutumin ya ci gaba yana karkaɗe ƙugiya. "Shi kaɗai ne kuwa? Wannan ai aikin ƙato ne."

Abokin aikinsa ya tuntsire da dariya, maƙwabciya ma ta taya shi daga kan katanga. Inna ba ta ga fuskar mijinta ba, ƙeyarsa ta gani. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga hannunsa mai lafiya ya damƙe hannun kujera har yatsun suka yi fari. Ya gane.

Akawu kuwa juyawa ya yi kan matarsa. Tana tsaye da Dunƙule a kafaɗa, ƙafarta duk baƙin ruwan da take ta sharewa tun hantsi.

"Ba na ce ki daina ba? A gabanki mutumin ya faɗa! Ba na ce ki daina ba?"

"Ai na dai…" in ji Malama, sai ta tsaya.

Ta dubi Inna. Kallon bai daɗe ba, amma ya sauka a kan hannuwan Inna da suka tsattsage, ya wuce kan zanin da ke cinyar Magini, ya koma ƙasa. Inna ta buɗe baki. Ta san abin da ya kamata ta faɗa, har ta ji shi a kan harshe. Sai dai ga ma'aikata, ga maƙwabciya, ga ƙeyar mutumin da ta yi wa alkawari. Ta mai da bakinta ta rufe.

"Ni ce," in ji Malama. "Bokitin ne yake ba ni wahala, na koma korawa. A yi haƙuri."

"Wahala! Ke kaɗai ce mai wahala a gidan nan? Dubi abin da kika ja mana. Abu ɗaya da Baba ke ji da shi, kin sa an tone shi a gaban mutane." Ya shige ciki fuu, ya fito da naɗin da ke kan kanta, ya wurga shi cikin kwandon shara. "Daga yau da hannu za ki kankare, yadda Inna ta yi mana."

Malama ta gyara yaron a kafaɗa ta koma ga tsintsiyarta.

Gaskiya ɗaya ce, abin da Inna ta fara ji sauƙi ne. Asiri ya rufu. Sai da ta ga bayan yarinyar tana shara da hannu ɗaya sannan kunya ta rufe ta, irin wadda mutum ke rasa inda zai sa fuskarsa.

Bayan la'asar mota ta tafi, an mai da murfi, gida ya yi tsit sai warin maganin wanke ƙasa. Akawu na falo ya kunna rediyo ba ya saurare. A ɗaki Inna ta canja Magini, ta kai ƙunzugun banɗaki ta ajiye a gefen masai, ta ɗauko cokalinta. Ta dubi ƙasan da za ta durƙusa, ta ji ba za ta iya ba tukuna. Ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Ina kike kai su?" in ji shi. Yau idonsa a buɗe yake.

"Me?"

"Kada ki mai da ni yaro. Abin da kike shimfiɗa min."

"Masai nake korawa."

"A sokawena."

"A sokawenka." Sai ta ji wani abu ya tsinke mata. "To ina kake so in kai? In haɗiye? Ka ce kada ya sani, na ce na ji. Ba ka ce min ga inda zan kai ba. Ba ka ce min ga wanda zai kama min ba. Kai ka rufe ido, ni in durƙusa. Dubi nan." Ta miƙa masa tafukan hannunta biyu dab da fuska. "Dubi, Maigida. Na gaji. Wallahi na gaji."

Tun da ya kwanta ba ta taɓa faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannun, kamar yau ya fara ganinsu.

"Yarinyar nan ta sani," in ji shi.

Kafin ta amsa aka yi sallama a ƙofa. Inna ta goge ido ta buɗe rabi kamar yadda ta saba. Malama ce, yaro a baya, ido a kumbure, da sabon bokiti mai murfi a hannu. Ba ta leƙa ciki ba, ƙasa take kallo, amma ta ɗaga murya yadda na kan gado zai ji.

"Inna, bokitin Dunƙule ne. Ɗakinmu ya cika da kaya, na ce ko zan ajiye shi a banɗakinku. Kullum da safe in zan fita da shara sai in biyo in ɗauka."

Inna ta ɗaga murfin. Leda ce a ninke a ciki, da sabon naɗi ko ɓarewa ba a yi ba.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "tun yaushe?"

"Inna, Dunƙule fa mutum ɗaya ne." Ita ma ta rage murya. "Tun ranar mai gyaran famfo ya kamata in kawo miki. Kullum in na ɗauko sai in rasa ta inda zan fara. Kunya ce ta hana ni."

"Malama," in ji Magini daga ciki.

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Na'am, Baba."

"Mijinki ya yi miki magana tun ɗazu?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara goyo.

"Kira min shi."

Inna ta juyo. "Maigida, ai an gama. Ba wanda ya sani, ga bokiti an kawo, sai mu…"

"Na ce a kira shi." Maganar na fita da ƙyar, amma ba ta rawa. "Ba zan kwanta a nan yarinya na yawo da kashina a ka ba."

Akawu ya shigo yana gyara wuyan riga, fuska har yanzu a ɗaure. Magini ya ce su ba su wuri. Matan biyu suka fito lungu, ƙofa ta rufe. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, Malama ta kwance goyo ta zauna kusa da ita, bokiti a tsakaninsu.

Suna jin muryar tsohon, ƙasa-ƙasa, tana tafiya tana tsayawa. Ba su ji ta akawu ba. Inna ta rasa me take ji. Wata da watanni tana gadin abin nan da bayanta da gwiwarta, ta yi ƙarya, ta yi sata, ta bar 'yar mutane ta sha faɗa, ga shi mai abin ya ɗauka da kansa yana miƙawa. Haushi ya kama ta. Tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, don ta san abin da kowace kalma ke ci masa.

Sai ƙofa ta buɗe. Akawu ya fito ido jawur, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ya kasa kallon mahaifiyarsa. Ya tsaya a gaban matarsa.

"Ki yafe min."

"Ba komai," in ji Malama, ta tura masa bokitin da ƙafa.

Ya sunkuya ya ɗauka ya koma ciki. Suka ji ƙarar ƙofar banɗaki. Inna ta tuna igiyar nan da manyan tsummokaran da ke rataye a kanta, da wanda ta bari a gefen masai, da cokali. Ta runtse ido. Can sai famfo ya fara zuba.

"A bokiti," muryar Magini ta fito. "Ba a masai ba."

"Na ji, Baba."

Inna ta dafa bango za ta tashi. "Bai iya ba. Zai ɓata rigarsa, bai san inda sabulu yake ba."

Malama ta riƙe mata gefen zani. "Zauna, Inna. Zai gani."

Ta koma ta zauna. Tun da suka dawo daga asibiti, yau ne karo na farko da ta ji famfon banɗakinta na zuba ba hannunta ne a ƙarƙashinsa ba. Dunƙule ya miƙo ɗan hannunsa ya kama yatsanta mai tsaguwa ya matse, da zafi, amma ba ta janye ba. Ta jingina kai da bango da niyyar ta ɗan huta kafin a kira ta. Ba wanda ya kira ta.